Neman Ilimin Addini Ta Waya: Hukuncinsa, Iyakarsa, Da Yadda Ake Tantance Abin Da Aka Samu

TAMBAYA

Allah Ya gafarta Malam, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, tun da na yi aure ban samu komawa Islamiyya ba. Yawancin abin da nake koyo na addini yanzu ta waya ne, ina sauraron karatun malamai, kuma ina cikin zaurukan mata na WhatsApp. Kwanakin baya aka turo mini wani hadisi a kan falalar wata sallah, na tura wa mutane da yawa, daga baya wata malama ta ce mini ƙarya aka yi wa Annabi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yayana kuma ya ce karatun waya ba karatu ba ne, wai wanda ba shi da malami Shaiɗan ne malaminsa. Shin in daina ke nan? Ina da zunubin abin da na tura? Yaya zan riƙa gane na gaskiya? Sannan babban ɗana yana tambayar manhajar nan mai ba da amsa hukuncin addini, shin ya halatta?

AMSA A TAƘAICE

Ya halatta a koyi addini ta waya, kuma ana samun lada gwargwadon niyya, da sharaɗin a san daga wa ake karɓa. Waya ba ta ɗauke wa mutum buƙatar malamin da zai saurare shi ya gyara masa, musamman a karatun Alƙur'ani da mas'alolin da suka shafi halin mutum shi kaɗai. Bai halatta a tura hadisi ba sai an tabbatar da shi. Wanda ya tura cikin rashin sani ya nemi gafara, ya koma ya sanar da waɗanda ya tura wa. Manhaja mai ba da amsa ba a ɗaukar fatawa daga gare ta.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

To 'yar'uwa, Allah Ya ƙara miki kwaɗayin ilimi. Damuwar da kika shiga alama ce ta tsoron Allah, kuma mata neman ilimi ba yau suka fara ba. Bukhari ya ruwaito cewa mata sun roƙi Annabi (SAW) ya ware musu rana tasu saboda maza sun rinjaye su a wurinsa, kuma ya ware musu. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana karantar da jajis, su kuma su kai karatun ƙauyuka ga matan da ba su iya barin gidajensu. Tambayarki tana da rassa, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: sabon kayan aiki ba baƙon abu ba ne a tarihin ilimi

Asalin kayan aiki halas ne, hukuncinsu yana bin abin da aka yi da su. A ayoyin farko da suka sauka, cikin Suratul Alaƙ, Allah Ya ambaci alƙalami a matsayin abin da Ya koyar da ɗan Adam da shi. Da Annabi (SAW) ya so rubuta wa Rumawa wasiƙa aka faɗa masa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa yana buga hatimi da shi, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ki lura da abu biyu a nan: ya karɓi dabarar da ta zo daga wasu mutane, kuma amfanin dabarar shi ne a tabbatar daga wa saƙo ya fito.

Rubuta hadisi kansa an yi taka-tsantsan da shi da farko. Muslim ya ruwaito hani daga Abu Sa'id al-Khudri (RA), malamai da yawa suka ce dalilinsa tsoron kada ya cakuɗe da Alƙur'ani. Daga baya aka yi izini: Abdullahi ɗan Amru (RA) yana rubutawa, kuma a shekarar buɗe Makka Annabi (SAW) ya yi umarni a rubuta wa Abu Shah, mutumin Yaman, huɗubarsa. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 99 zuwa 101 bayan Hijira, ya aika wa Abubakar ɗan Hazmu a Madina ya tattara hadisai a rubuce don tsoron gushewar ilimi da mutuwar malamai.

Haka aka yi da injin ɗab'i. A Istanbul an ba Ibrahim Mutafarrika izinin buga littattafai a 1727, amma aka keɓe littattafan addini, ba a yarda ya buga su ba. Da aka samu malamai masu duba abin da ake bugawa harafi bayan harafi, sai ga Mus'hafin Alƙahira na 1924, sai kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina da aka buɗe a 1984, wadda Mus'hafinta ya shiga kusan kowane masallaci. A 1961 aka naɗi karatun Shaikh Mahmud Khalil al-Husari na Alƙur'ani cikakke a Masar. A nan gida, iyayenmu sun saurari tafsirin Shaikh Abubakar Gumi da na Shaikh Ɗahiru Bauchi a Rediyon Kaduna, sannan kaset ya zo, sannan faifan CD, sannan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001.

Abin da za a fahimta daga wannan tarihi shi ne, duk lokacin da sabuwar hanya ta zo, malamai suna dubawa su ga me za ta iya ɓatawa, su sa mata sharuɗɗa, sannan a amfana da ita. Waya ma haka za a yi da ita.

Na biyu: a wane matsayi karatun waya yake?

Malaman hadisi, irin su Alƙali Iyad (ya rasu 544) a littafinsa Al-Ilma' da Ibnus Salah (ya rasu 643) a Muƙaddimarsa, sun ƙidaya hanyoyi takwas da ake karɓar ilimi da su. Mafi ƙarfi su ne ɗalibi ya ji daga bakin malami, ko ya karanta malami yana saurare. Sai ijaza, sai malami ya miƙa wa ɗalibi littafinsa, sai ya rubuto masa, sai ya sanar da shi cewa wannan riwayarsa ce, sai ya yi masa wasiyya da littafin. Ta ƙarshe ita ce wijada, wato mutum ya tsinci rubutu ya karanta ba tare da ya ji shi daga mai shi ba.

Idan muka auna abin da ke cikin waya da wannan ma'auni za mu ga kashi uku ne.

Kashi na farko: karatu kai tsaye, malama tana jin ki kina jin ta, ta kiran waya ko na bidiyo, kina karantawa tana gyara miki. Wannan yana kusa da zama a gaban malami, kuma shi ne mafi amfani ga wadda ba ta iya fita.

Kashi na biyu: karatun da aka naɗa, na malamin da kika san muryarsa da inda ya yi karatu. Wannan ji ne, amma na ɓangare ɗaya, domin ke kina jin sa shi ba ya jin ki. Malamai sun yarda a dogara da murya idan an tabbatar da mai ita, hujjarsu kuwa mutane sun karɓi hadisi daga Nana A'isha (RA) ta bayan shamaki, kuma mutanen Madina suna kame baki da jin kiran sallar Ibnu Ummi Maktum ba tare da sun gan shi ba. Sai dai Shu'uba ɗan Hajjaj (ya rasu 160) ya tsananta, ya hana riwaya daga wanda ba a ga fuskarsa ba, don tsoron kada wani ya kwaikwayi muryarsa. Jumhuru ba su bi shi a kan haka ba, amma yau da ake iya ƙirƙirar muryar mutum da na'ura, ko a yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, tsoron nasa ya zama abin lura. Saboda haka ki nemi karatun a inda malamin ko ɗalibansa suke saka shi, kuma ki saurare shi cikakke.

Kashi na uku: rubutun da aka turo. Wannan wijada ce. Malamai sun yi saɓani a kan aiki da wijada: an ruwaito hani daga da yawa cikin Malikiyya, an ruwaito halasci daga Imam Shafi'i, Ibnus Salah kuma ya rinjayar da aiki da ita idan an amince cewa rubutun na mai shi ne. To wannan fa a kan rubutun da aka san hannun marubucinsa ake magana. Saƙon da ba sunan marubuci, ba sunan littafi, bai kai ko matsayin wijada ba.

Maganar da yayanki ya faɗa ba hadisi ba ce, magana ce da ake ruwaitowa daga wasu malaman tarbiyya. Amma akwai gaskiya a cikin abin da yake tsoro. Magabata suna gargaɗi a kan mai ɗaukar ilimi daga takardu kawai, saboda kuskuren karatu da ake kira tas'hifi. Misalin da Imam Muslim da Ibnus Salah suka kawo: Ibnu Lahi'a, alƙalin Masar, ya ɗauki wani hadisi daga rubutu bai ji shi ba, sai ya karanta "ihtajama" a wurin "ihtajara". Hadisin yana cewa Annabi (SAW) ya keɓe wani wuri a masallaci da tabarma don sallah, sai ya koma cewa an yi masa ƙaho a masallaci. Harafi ɗaya ne ya canza. Mu ma a Hausa, idan aka rubuta "baki" ba lanƙwasa, ba ki san ko bakin magana ake nufi, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo daga tafiya ba, sai kin ji daga mai maganar. Idan babban malami ya faɗa wannan, ina ga ni da ke?

Na uku: wajabcin tabbatarwa, da yadda magabata suka yi shi

Allah Ya umarci muminai, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, su binciki labarin da fasiƙi ya zo da shi don kada su cutar da mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i Ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa, Ya sanar cewa za a tambayi ji da gani da zuciya. A aya ta 83 ta Suratun Nisa'i Ya zargi masu yaɗa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. A Suratun Nur, cikin ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA), Ya zargi masu karɓar magana daga harshe zuwa harshe suna ɗaukar ta abu mai sauƙi alhali babba ce a wurinSa. Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Sahabbai sun yi aiki da wannan a tsakaninsu, duk da amincinsu. Da Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya faɗa wa Umar (RA) hadisin neman izini sau uku, Umar ya nemi ya kawo wanda zai ƙarfafa shi, sai Abu Sa'id ya tashi ya shaida. Bukhari ya ambata cewa Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya. Ibnu Sirin (ya rasu 110) ya bayyana cewa bayan aukuwar fitina ne aka fara neman mai ba da labari ya ambaci mazajen da ya karɓa daga gare su. Daga nan aka gina sharuɗɗa biyar na hadisi ingantacce: isnadi ya sadu ba yankewa, kowane mai riwaya ya zama adali, ya zama mai kiyayewa, kada ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, kuma kada a samu ɓoyayyiyar illa.

Ba isnadi kaɗai suke dubawa ba, har da abin da ke cikin maganar. A zamanin Khaɗib al-Baghdadi (ya rasu 463) an fito da wata takarda aka ce Annabi (SAW) ne ya rubuta wa mutanen Khaibar. Da aka nuna masa ya ce jabu ce, domin a cikin shaidunta akwai Mu'awiya, wanda Musuluncinsa ya bayyana a shekarar buɗe Makka, shekara ta 8, alhali an ci Khaibar a shekara ta 7. Akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu bayan yaƙin Khandaƙ, tun kafin Khaibar. Da lissafin shekaru ya kama ƙaryar.

Ki sani kuma, ba duk mai ƙirƙirar hadisi ne maƙiyin addini ba. Malamai sun ce mafi cutarwa su ne masu ƙirƙira da niyyar kwaɗaitar da mutane ibada, domin mutane suna amince musu. Irin wannan ne dogon hadisin nan na falalar surori ɗaya bayan ɗaya, kuma Ibnul Jauzi (ya rasu 597) ya tara irinsu a littafinsa Al-Maudu'at. A zamaninmu akwai takardar nan da ake kira wasiyyar Shehu Ahmad mai hidimar ɗakin Annabi, mai alkawarin arziki ga wanda ya yaɗa ta da barazanar musiba ga wanda ya ƙi. Shaikh Ibn Baz ya yi rubutu ya bayyana ƙaryarta. Mun gan ta ana raba ta a takarda a ƙofar masallaci muna yara, yau ga ta a waya ba abin da ya canza sai saurin tafiyarta.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga hadisi ba. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya Nijeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci saboda ƙauna, aka kwantar da wasu a asibiti, har aka ba da rahoton mutuwa. Kowane fanni yana da ma'abotansa, kuma umarnin da ke aya ta 43 ta Suratun Nahli na tambayar masu sani ya haɗa da likita a fanninsa.

Na huɗu: yadda mutum yake koyo

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, su ɗauka yawan saurare shi ne ilimi. Allah Ya faɗa a aya ta 78 ta Suratun Nahli cewa Ya fitar da mu daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan Ya ba mu ji da gani da zukata. Ilimi shiga yake yi a hankali, kuma akwai abubuwa huɗu da yake tabbata da su.

Na ɗaya, kaɗan-kaɗan. Alƙur'ani ya sauka cikin shekara 23, kuma aya ta 32 ta Suratul Furƙan ta bayyana hikimar haka, wato tabbatar da zuciya. Abu Abdurrahman as-Sulami ya ruwaito cewa sahabban da suka karantar da su ba sa wuce aya goma sai sun san abin da ke cikinta na ilimi da aiki. Ibnu Mas'ud (RA) ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum ya ƙi, ya ce haka Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokaci don kada su gaji.

Na biyu, maimaitawa bayan tazara. Anas (RA) ya ce Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Jibrilu yana bitar Alƙur'ani da shi kowane Ramadan, a shekarar ƙarshe sau biyu. Kuma ya kamanta kuɓucewar Alƙur'ani da ta raƙumin da aka kwance. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Almajirin tsangaya da ke tashi da asuba yana tilawa ya daɗe da sanin wannan a aikace.

Na uku, fito da abin daga ka. A tsangaya ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam, kuma ba a kiran mutum alaramma don ya saurari Alƙur'ani sau dubu, sai ya kawo shi da ka har ya rubuta. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu: wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka sa su rufe su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno da kansu suka fi su riƙewa. Wanda yake ta saurare yana jin kamar ya iya, sai an ce ya faɗa sannan ya gane bai riƙe ba. Wannan shi ne babban tarkon waya.

Na huɗu, gyara. Mutumin nan da ya munana sallarsa, Annabi (SAW) ya mayar da shi sau uku, sannan ya koya masa. Shi a ganinsa sallarsa daidai take, sai da wani ya kalle shi. Mai furta "dad" kamar "dal", ko mai taƙaita madda, ba ya jin kuskurensa ko da ya saurari Husari shekara goma.

Saboda wannan ne malamanmu na zaure suka jera littattafai: Ƙawa'idi, sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a kai Askari da Muhtasar. Waya kuwa ba ta san jeri ba, tana kawo wa mai koyon alwala saɓanin da malamai suka yi a mas'alar da ko sunanta bai sani ba. Ga misali da ya shafe ki: mafi yawan kwanakin haila a mazhabar Malikiyya 15 ne, a Hanafiyya 10 ne. Mace ta ji wannan malami yau, gobe ta ji wancan, ba ta san kowanne a kan mazhabarsa yake magana ba, sai ta rikice a sallarta da azuminta.

Na biyar: manhaja mai ba da amsa

Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira, da suka yaɗu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, an gina su ne a kan tarin rubuce-rubuce masu yawa, suna harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna. Shi ya sa amsarsu take zuwa da tsari mai kyau ko daidai ce ko kuskure, kuma kamfanonin da suka yi su da kansu suna rubuta gargaɗin cewa suna iya kuskure. Wani matashi a masallacinmu ya taɓa kawo mini hadisi daga irin wannan manhaja, da sunan littafi da lamba. Muka buɗe littafin tare, lambar tana nan amma hadisin da ke wurin daban ne, wanda aka ba shi kuwa ba mu same shi a littafin ba.

A ma'aunin malaman hadisi, wanda aka san yana haɗa daidai da kuskure ba tare da ya bambance ba, ba a kafa hujja da shi, sai dai a duba maganarsa a wani wuri. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik (ya rasu 179) tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Mufti yana tsoron tsayuwa gaban Allah, manhaja kuwa ba ta da wannan. Saboda haka ɗanki zai iya amfani da ita wajen neman inda mas'ala take, ko sauƙaƙa masa darasin makaranta, sannan ya koma littafi ko malami ya tabbatar. Amma ya gina ibada ko hukunci a kan amsarta kaɗai, wannan bai halatta ba.

Akwai kuma mas'alolin da ko daga karatun malami na gaskiya da aka naɗa ba a ɗaukar hukuncinsu: saki, rabon gado, shayarwa da ke haramta aure, rikicewar jini, rantsuwa da bakance. Hukuncinsu yana rataye da lafazin da aka furta da halin mai tambaya, dole sai an yi masa tambayoyi. Abu Dawud ya ruwaito ƙissar mutumin da aka ji wa rauni a ka a cikin tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka ce ba shi da sauƙin yin taimama, ya yi wanka ya mutu. Annabi (SAW) ya yi fushi da su ƙwarai, ya nuna cewa tambaya ce maganin rashin sani.

Na shida: abin da kika riga kika tura

Yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan yana cikin manyan zunubai, hadisin narkonsa mutawatiri ne. Ke ba ki yi da gangan ba, don haka wannan narkon bai hau kanki ba in sha Allahu. Abin da ke kanki shi ne sakacin rashin bincike. Ki nemi gafarar Allah, sannan ki koma duk inda kika tura ki rubuta cewa hadisin nan bai tabbata ba, kada a yi aiki da shi, wanda ya tura wa wani ya sanar da shi. Kada kunya ta hana ki, domin aya ta 160 ta Suratul Baƙara ta haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa. Ki kuma gode wa malamar da ta faɗakar da ke.

Abin da za ki riƙe daga yau

1. Kada ki tura hadisi sai kin ga sunan sahabin da ya ruwaito, da littafin da ya fito, da hukuncin malamai a kansa idan ba a Bukhari ko Muslim yake ba. Rubuta "Bukhari ne ya ruwaito" a ƙarƙashin saƙo ba ya wadatarwa, sai an duba, ko an tambayi wanda zai iya dubawa.

2. Ki yi hattara da saƙon da ya yi alkawarin lada mai yawan gaske a kan ɗan ƙaramin aiki, ko ya ce a tura wa mutum goma, ko ya haɗa ki da Allah sai kin yaɗa, ko ya dogara da mafarki. Waɗannan alamomin ƙirƙira ne.

3. Idan kina shakka ki bar shi a wurinki. Ba za a tambaye ki don me ba ki tura abin da ba ki tabbatar ba.

4. Ki zaɓi malami ɗaya ko biyu da malamai suka shaide su, ki bi littafi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa, da littafin a hannunki da abin rubutu.

5. Bayan kowane darasi ki ajiye wayar, ki faɗi abin da kika riƙe da bakinki, ko ki koya wa 'ya'yanki. Ki sake bitarsa washegari, sannan bayan mako.

6. Ki samu malama a unguwarku, ko da sau ɗaya a mako, ko ta kiran waya, ki riƙa biya mata Alƙur'ani kina tara mata tambayoyinki. Ki fara da Fatiha, domin sallah ba ta inganta sai da ita. Ki nemi maigidanki ya taimaka miki a kan haka, domin sanin farillan addini wajibi ne a kanki, kuma haƙƙinki ne a kansa ya koya miki ko ya bar ki ki koya.

Shi kuma yayanki, ki faɗa masa cikin ladabi cewa ba za ki bar karatu ba, kuma kin karɓi nasiharsa ta neman malami. In yana da hali, shi ya nemo miki malamar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba.

Wallahu a'alam.